Zaiba Ba Iri Ɗaya Ba Ce, Wuta Ke Bambanta Ta

Daga Ɗanzomo ta ƙasar Gumel na ke rubuto muku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata 'yar kwalba ce wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Bara waccan, bayan an gama girbin gero, wani tsohon almajirina ya tafi cin rani wajen masu haƙar zinariya, kamar yadda samarinmu da yawa su ke yi a wannan zamani. Ya komo dab da faɗuwar damina da 'yan kuɗi a aljihu, da wannan kwalba cike da zaiba, da wani ɗan curi fari-fari ƙunshe cikin tsumma. Da dare ya yi sai ya shiga madafin uwarsa, ya ɗora curin nan a cokali bisa garwashi, ƙannensa uku sun kewaye shi suna kallo, har zaibar ta tashi ta bar masa ɗan gutsuren zinariya. Haka su ke yi kullum a can, in ji shi.

Da ya zo gaishe ni, sai na miƙa masa allo da tawada don in ga ko hannun yana nan. Alƙalami ya ƙi zama. Yaron da a dā in ya ja baƙi sai ka ce da zare aka daidaita masa, ga shi yatsunsa suna rawa kamar na tsoho. Washegari uwarsa ta zo ta durƙusa a bakin zaure, ta ce, "Allah gafarta Malam, ko sammu aka yi masa?" Na ce a fara kai shi asibiti. Likita ya duba shi, ya tambayi sana'arsa, ya ce alamun nan sun yi daidai da na wanda ya daɗe yana shaƙar tururin zaiba, ya hana shi komawa ga aikin. Sai uwar ta komo da tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya. Ta ce, "To Malam, madafin fa? In ci gaba da girki a ciki, ko kuwa in rushe shi?"

Ban iya amsa mata ba. Tambaya rabin ilmi ce, saboda haka na aika wa wani ɗan ƙanena da ya karanta ilmin haɗa sinadarai a jami'a. Ya zo ya zauna gabana ya ce, "Baffa, amsar ba ta cikin yawan zaibar kaɗai, tana cikin irinta. Masana kuwa da wuta su ke tambayarta sunanta." Muka kwana biyu yana bayani ina ja masa, sa'an nan na koma ga abin da magabata suka bari cikin littattafan ɗibbu. Abin da na tsinta shi zan shimfiɗa muku, da ra'ayin da na tsaya a kansa.

Ka sani, ya kai mai karatu, kalmar zaiba daga Larabci muka are ta, su suna cewa zi'baƙ. Ƙarfe ce, amma ita kaɗai ce cikin ƙarafa ta ke zama ruwa a zafin ɗaki. Ta fi ruwa nauyi fiye da sau 13, ba ta daskarewa sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da sifili, ba ta tafasa sai zafi ya kai digiri 357, alhali ruwa yana tafasa a digiri 100. Amma fa ba ta jiran tafasa kafin ta fara tashi. Ko a buɗe aka bar ta cikin ɗaki tana ba da tururi kaɗan kaɗan, in zafi ya ƙaru tururin ya ƙaru, bazararmu kuwa kun sani tana wuce digiri 40. Mu a fiƙihu an koya mana gane canjin ruwa da abu uku, launi da ɗanɗano da wari. Tururin zaiba ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Nan ne haɗarin ya ke.

Magabata ba su jahilci wannan al'amari ba. Abubakar Arrazi, babban likitan nan na birnin Rayyu wanda ya rasu wajen shekarar 925, an ruwaito ya ɗura wa biri zaiba tsagwaronta don ya ga abin da za ta yi masa, ya ga birin ya yi ciwon ciki amma bai mutu ba, sa'an nan ya yi gargaɗi mai tsanani game da gishirin zaiba wanda a ke kira sulaimani, ya lissafa shi cikin dafi mai kisa. Watau tun fiye da shekara dubu an san abu ɗaya ya kan sa riguna dabam dabam, kowace riga kuwa da nata sharri. Ga rigunan nan kamar yadda masana na yau suka tabbatar.

Ta farko, zaiba tsagwaronta, mai mirgina kamar ƙwayar azurfa. Ita ce ta cikin kwalbar masu zinariya da tsohon ma'aunin zazzaɓi, akwai ta kuma kaɗan cikin dogon ƙwan lantarki mai farin haske. In an haɗiye ta hanji ba ya shan kome daga gare ta sai ɗan abin da ba a lissafawa. Amma in an shaƙi tururinta, kimanin kashi 80 cikin 100 na abin da ya shiga huhu yana wucewa cikin jini, ya hau ƙwaƙwalwa. Daga nan sai rawar hannu, da kumburin dasashi, da dalalar miyau, da mantuwa, da rashin barci, da saurin fushi ba dalili.

Ta biyu, zaiba da ta haɗu da farar wuta. Wannan shi ne jan dutsen da Larabawa ke kira zunjufur, wanda marubutan ƙasashen Musulmi suka daɗe suna yin jan tawada da shi. Akwai kuma ɗan'uwansa baƙi. Daga wannan dutse a ke fid da yawancin zaibar duniya, ta hanyar gasa shi. Ramin da ya fi kowane suna yana ƙasar Andalus, watau Sifen, sunan garin Almaden, asalinsa kuwa kalmar Larabci ce, alma'adin. Zunjufur da ƙyar ya ke narkewa cikin ruwa, jiki ma da ƙyar ya ke shansa, don haka shi ne mafi sauƙin sharri muddin ba a kai shi wuta ba.

Ta uku, gishirin zaiba, watau sulaimani da danginsa. Wannan yana narkewa cikin ruwa kamar gishirin miya, yana bin ruwan sama ya gangara, yana cin hanji, yana lalata ƙoda. Danginsa ne a kan tarar cikin waɗansu mayuka da sabulai na sauya launin fata.

Ta huɗu, zaiba da ta manne wa ruɓaɓɓen ganye da taki da baƙar ƙasa. Ita tana kwance shiru, amma duk inda ruwa ya kwashi laka tana biye.

Ta biyar ita ce uwar sharri, masana suna kiranta zaiba mai metil. Ba a kwalba a ke sayenta ba. In zaiba ta kwanta cikin laka a gindin tafki ko fadama inda iska ba ta shiga, akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke juya ta zuwa wannan iri. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, tana taruwa tana ƙaruwa, har ta iso akushin mutum. Hanji yana shan kusan dukkanta, tana kuma ƙetarawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. Ita ce ta yi ɓarna a garin Minamata na ƙasar Jafan, inda aka gane cutar a 1956, bayan masana'antar kamfanin Chisso ta yi shekaru tana zubar da ruwan dattinta cikin tekun da masunta ke kamun kifi. Ita ce kuma ta yi ɓarna a Iraƙi cikin 1971 da 1972, sa'ad da aka raba wa manoma irin alkama da sha'ir wanda aka shafe da ita don kada ya ruɓe. Gargaɗin da ke jikin buhunan ba da harshensu aka rubuta ba. Suka wanke jan launin, suka niƙa suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can. Manomanmu su riƙe wannan: iri mai launi na shuka ne, ba na tukunya ba, ko da ya ke maganin da a ke shafa wa iri yau ba na zaiba ba ne.

To, in an ɗebi ƙasa daga wani madafi ko bakin wani tafki, ƙaƙa za a san wace riga zaibar cikinta ta sa, tun da ido ba ya gani? A nan ne dabarar wuta ta shigo. Bari in kawo muku misali daga tsangaya, don shi na fi sani. In an hura wutar karatu da dare, dukkan almajirai suna kewaye da ita. Kolo shi ke fara gyangyaɗi ya tashi. Titibiri ya ɗan jima ya bi shi. Gardi kuwa yana nan har dare ya raba. Mai zaune cikin zaure, ko bai ga fuska ba, in ya ji motsin mai tashi ya duba lokaci, ya san ko wane aji ne ya tashi. Haka zaiba ta ke gaban wuta. Kowane iri yana da gwargwadon zafin da ya ke iya jurewa kafin ya saki zaibarsa ta tashi.

Ga yadda a ke yi. A kan ɗebi ƙasa kaɗan, abin da bai kai cikin farce ba, a sa cikin wani bututu rufaffe, a zura shi cikin ɗan tanderu na lantarki. Sai a riƙa ƙara zafi sannu sannu bisa ƙa'ida, daga zafin ɗaki har ya wuce digiri 600, ana kuma tura wata iska mai tsabta ta cikin bututun, yawanci wadda a ke kira naitirojin, don ta kwashi duk abin da ya tashi. Tururin ya bi ta wani wuri mai tsananin zafi wanda ke tuɓe wa zaiba duk rigar da ta saura a jikinta, sa'an nan ya ratsa gaban wata fitila. Zaiba tana da wani haske nata na musamman wanda ta ke shanyewa, don haka gwargwadon dusashewar hasken fitilar gwargwadon yawanta. Na'ura tana rubuta abu biyu tare, zafin tanderu da yawan abin da ya tashi. Sai zane ya fito mai tudu da kwari, kowane tudu kuwa yana tsaye bisa wani digiri. Aikin duka bai kai sa'a guda ba.

Zaiba tsagwaronta ita ce kolo, tana tashi tun zafi bai kai digiri 100 ba. Sulaimani yana biye, yawanci tsakanin 100 da 200. Wadda ta manne wa ruɓaɓɓen ganye sai tsakanin 200 da 300. Jan zunjufur ba ya motsi sai an kai wajen 300 ko an ɗan wuce. Akwai kuma waɗansu gardawa cikinsu da ba su tashi sai an haura 400 ko 500. Waɗannan adadi kimantawa ne, suna ɗan gusawa gaba ko baya bisa ga na'ura da irin ƙasa, don haka kafin a yanke hukunci sai an fara gasa irin da aka riga aka sani, a gwada zanensa da na ƙasar da a ke tuhuma, kamar yadda mai darasu ke gwada allon almajiri da abin da ke kansa.

Wani masani Bajamushe, Harald Biester, da abokin aikinsa sun bayyana wannan hanya don binciken gurɓatacciyar ƙasa a 1997. Daga baya ya gwada ta a Idiriya ta ƙasar Suloveniya, inda aka yi wajen shekara 500 ana haƙar zaiba. Suka tarar cikin tsakuwa da yashin kogi yawancin zaibar zunjufur ce, mai nauyi, mai zama wuri ɗaya, amma cikin laka mai laushi wadda ruwa ke kai wa nesa har bakin teku, rabon sauran irin ya fi yawa. Watau wurin da adadi ya fi girma ba lalle ne ya zama wurin da haɗari ya fi girma ba.

Wannan shi ne ginshiƙin maganata. In ma'aikaci ya zo ya ɗebi ƙasa ya tafi, ya komo da takarda mai cewa akwai zaiba kaza cikin kowane kilo, ya faɗi gaskiya, amma rabin shaida ya bayar. Kamar a ce wa maigida akwai baƙi goma a zaurensa, ba a gaya masa ko fatake ne ko ɓarayi ba. Kama da wane ba ta wane. In tsagwaronta ce, to haɗarin yana cikin iskar ɗaki, magani shi ne a fid da mutane, a buɗe wurin, a kankare ƙasar a kwashe. In sulaimani ne ko danginsa, haɗarin yana kan rijiya, sai a duba ruwan sha tun da wuri. In wadda ta manne wa taki ce, sai a hana ta isa tafki da fadama, kada kuma a kai sharar wurin gona. In zunjufur ne, sau da yawa rufe shi da ƙasa mai tsabta a bar shi ya fi tone shi. Magani huɗu ke nan dabam dabam, kuɗinsu ma dabam dabam, ba kuwa mai iya zaɓa tsakaninsu sai wanda ya san irin. Akwai kuma fa'ida ta wajen adalci. In gardama ta tashi tsakanin masu wanke zinariya da maƙwabtansu, waɗannan suna cewa daga Allah ƙasar ta ke haka, waɗancan suna cewa ku kuka zuba, tudun da ya fito ƙasa da digiri 100 shaida ne mai ƙarfi cewa hannun mutum ne ya kawo ta.

In wani ya ce, ina ruwan mutanen Gumel da wannan, tun da ƙasarmu jigawa ce, ba dutse ba zinariya? Sai mu ce, gaskiya ne ba mu da rami, amma muna da 'ya'ya. Tun da aka sami zinariya a Jado ta arewacin Nijar a 2014, samari daga ƙasashen Hausa ba su daina tafiya ba. Ga ta Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, inda rami ya rufta a Garin Liman cikin 2021 ya kashe mutane. Ga ta Zamfara da jihar Neja. Mai tafiya kuwa ba kuɗi kaɗai ya ke komowa da su ba, yana komowa da sana'a da kayan sana'a. Ga mu kuma a bakin iyaka, kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, kaya iri iri suna shiga suna fita, har da mayukan mata waɗanda ba kowa ya san abin da ke cikinsu ba. Kifin da mu ke ci kuwa da yawansa daga fadamun Haɗeja ya ke zuwa. Ban ce akwai kome cikinsa ba, ina cewa ne ruwa irin wannan shi ya fi cancanta a tsare tun bai ɓaci ba.

Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Cikin ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida, mata suna daka shi a turmi, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar Na-gari-na-kowa, watau MSF, su suka fara lura da yawan sababbin kaburburan yara. Abin da ya kashe su dalma ce da ke cikin dutsen, ba zaiba ba, kada a haɗa biyun. Amma a gidajen nan dai da zaiba a ke kama zinariyar, jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya da suka je awo a shekarar nan sun tarar da tururinta cikin iska a wuraren aikin. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, garin Bagega ma bai sami wannan ba sai 2013. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙasar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Darasin guda ne: aikin da wurinsa daji ne aka shigo da shi tsakar gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

In wani ya ce, mun ga masu taɓa zaiba da hannu shekara da shekaru ba abin da ya same su, sai mu ce, birin Arrazi ma bai mutu ba. Taɓawa dabam, shaƙa dabam. Kuma cutar ba ta zuwa da gangami, tana tafiya ne kamar gara cikin azara, sai ran da ɗaki ya rufta a ce ba a ga alama ba. Wanda hannunsa ya fara rawa a kan ce tsufa ne, wanda ya fara mantuwa a ce tunani ne, yaron da ya kasa riƙe karatu a ce daƙiƙi ne. Ni da na yi shekara talatin ina biya wa yara, wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai.

In wani ya ce, wannan na'ura ta masu kuɗi ce, ina mu ina ita? Sai mu ce, a cikin hanyoyin gane irin zaiba ita ce mai sauƙi, domin ba ta bukatar a jiƙa ƙasa cikin ruwan sinadarai kwana da kwanaki, ba ta kuma cin ƙasa mai yawa. Ba kowane gari ke bukatar tasa ba. Guda ɗaya a wuri mai kula ta ishi jiha. Kuma kuɗin kankare ƙauye guda bisa zato ya fi kuɗin na'urar nesa ba kusa ba.

Amma kada in yi muku ƙari, domin mai yabon abu in ya ɓoye aibinsa dillali ne. Wannan hanya tana da iyaka. Wani lokaci tudu biyu su kan hau juna har a kasa raba su, musamman tsakanin digiri 150 da 250 inda iri da yawa ke tashi kusa da kusa. Ba ta kuma isa a dogara gare ta wajen auna zaiba mai metil cikin kifi ko laka, wannan yana da nasa awo dabam mai wuya. Ba ta gaya maka abin da ya riga ya shiga jikin mutum, wannan sai an auna fitsari ko jini ko gashi. Shaida ɗaya ce mai adalci, ba alƙali ba ce.

Gargaɗi mai girma kuma, kada wani ya karanta wannan ya ce bari ya gasa ƙasar gidansa a kasko ya gani. Ba abin da zai gani, sai dai ya shaƙa. Wutar masani tana cikin bututu rufaffe, tururin kuwa ana kama shi a ƙarshe. Wutar cokali a buɗe ta ke, huhun mai hurawa da na 'ya'yansa su ne bututun. Wuta ɗaya ce, banbancin murfi ne.

Saboda haka ga roƙona. Ga hukuma: Nijeriya ta sa hannu cikin yarjejeniyar Minamata a 2013, ta tabbatar da ita a 2018. Cikin abubuwan da yarjejeniyar ta ce a kawar akwai ƙona curin zaiba a fili ba murfi, da ƙona shi cikin unguwar da mutane ke zaune. Lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna ƙananan masu haƙar zinariya su ke fid da kimanin kashi 38 cikin 100 na zaibar da mutane ke saki cikin iska, ba wata sana'a da ta kai su. To, alkawari kaya ne. Muna roƙon hukumar kula da muhalli ta NESREA da ma'aikatar muhalli ta Jigawa, duk ran da za a auna ƙasa ko laka, a rubuta irin zaibar tare da yawanta, a kuma karanta wa masu wurin sakamakon da harshen da su ke ji, kada a maimaita kuskuren buhunan Iraƙi. Ga jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa da Kano da Zariya: ku sa ɗalibanku wannan aiki, ku ɗebi ƙasa daga fadamunmu tun yanzu ku ajiye adadinta, don in wani abu ya canja gobe a san daga ina aka tashi.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni: ku hana ƙona curi cikin gari, hani na a zo a gani. Ga masu sana'ar: ba mu ce ku bar neman halaliyarku ba, talauci ne ya kai ku rami, mun sani. Amma akwai tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu wadda maƙeri zai iya ƙerawa, tana kama tururin ta mai da shi ruwa, ka sami zaibarka ka sake aiki da ita, ka tsira da huhunka da kuɗinka. Ku yi aikin a bayan gari, iska tana kaɗawa daga gare ku, ba mace mai ciki ba yaro a kusa, ku kuma bar tufafin aiki a can. Ga matan gida: in zaiba ta zube kada a share ta da tsintsiya, domin tsintsiya farfasa ta ta ke yi ta ƙara mata tashi. A fid da yara, a buɗe ƙofa da taga, a tattara ta da takarda mai kauri a zuba cikin kwalba mai ruwa a toshe. Ga 'yan'uwana malamai: mu ne a ke fara kawo wa mai rawar hannu. Mu tambayi sana'arsa tukuna, mu tura shi asibiti, addu'a kuwa ba ta hana wannan.

Game da madafin nan, ga abin da muka yi. Da ya ke ba mu sami inda za a auna mana ba, sai muka ɗauki mafi munin zato. Aka yaye jinkar aka bar shi a buɗe, aka kankare daɓen da yaɓen bango, aka kai can bayan gari nesa da rijiya da tafki aka binne. Matar ta koma girki a tsakar gida. Ta yi hasarar da mai yiwuwa ta wuce abin da ya kamata, mai yiwuwa kuma ba ta kai ba, har yau ba wanda ya sani cikinmu. Abin da ɗan cikin farce na ƙasa da sa'a guda za su iya faɗa, mun biya shi da ɗaki guda, ba mu kuwa sami yaƙini ba. Yaron yana samun sauƙi, ya fara riƙe alƙalami, ko da ya ke baƙinsa bai koma kamar dā ba tukuna. Ƙannensa uku suna gabana kullum da safe, ina biya musu, ina duban yatsunsu.

Allah ya tsare mana zuriya, ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa shugabanni su ji. Haza wassalam.